Amalen Gidanmu

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara da jikoki. Ya ƙafar? Allah ya sa kumburin nan da kika ce na yawan tsayuwa ne ya saɓe. Mu nan lafiya lau, in aka cire ƙaninki, wanda shi ne dalilin wannan takarda.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin waya. In na kira ki, kafin in kai rabin magana kin ce in yi haƙuri haka Allah ya yi shi, kin kashe. Takarda kuwa ba ta da wurin kashewa, sai dai ki karanta ko ki ajiye, kuma na san son jin labarinki ba zai bari ki ajiye ba.

Watan jiya ciwon kai ya matsa masa, ga wani ciwo a kwiɓi da yake ta dafewa yana cewa kujerar ofis ce. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya ce jininsa ya hau, kuma bai ji daɗin abin da ya gani a gwajin fitsari ba. Ya ce ya rage gishiri, ya riƙa shan ruwa sosai, sannan ya je a ɗauki hoton ƙodarsa ba tare da ɓata lokaci ba. Gishiri a hannuna yake, don haka an gama da shi, gidan kaf yanzu lami muke ci har yara na yi min tsiya. Ruwa da hoto kuwa a hannunsa suke, kuma a nan gizo ke saƙar.

Na saya masa gora mai kyau. Na zauna a shago na bar ɗinkin mutane na ɗinka mata riga da ragowar yadi, har da igiyar ratayawa. Kullum da safe in cika ta in miƙa masa, kullum da yamma ta dawo min a cike kamar na aike ta yawon buɗe ido. In na yi magana, sai ya ɗauko min karatun raƙumi.

Kin dai san aikinsa. Shekara da shekaru yana ɗakin binciken nan yana karanta abin da suke kira ƙwayoyin gado na raƙumi, wato rubutun da ke cikin jini da tsoka wanda ɗa ke karɓa daga uwa da uba. To, Yaya, ni ma saura kaɗan a ba ni shaidar kammalawa. Na san tozo kitse ne ba ruwa ba. Na san asirin yana ƙoda, ita ce ke tatse fitsari ta mayar da ruwan jiki har abin da zai fita ya yi kauri. Na san raƙumi yana cin ciyawa mai gishiri ya sha ruwan zartsi jininsa bai hau ba, wai akwai wata ƙwayar gado da mu guda ɗaya gare mu, shi kuwa an jera masa ita da yawa. Ya ce ba dabarar raƙumin ba ce, hamada ce ta yi ta tankaɗe su tun zamanin da ba a san lissafinsa ba. Wanda ƙodarsa ba ta iya riƙon ruwa ya mutu bai haifa ba, wanda tasa ta iya ya bar wa 'ya'ya.

Na ce masa na ji, amma tunda ya faɗa da bakinsa cewa shi guda ɗaya gare shi, ya ɗauki kofi. Sai ya yi dariya ya ce ina da kai, da na yi karatun nan da na yi nisa. Kofin dai bai taɓa ba.

Maganar hoto kuwa, yau ne, gobe ne. Ni tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Mutum ba ya dafe kwiɓi yana cije leɓe a banza. Ke kika ƙarasa rainonsa bayan rasuwar Baba, ke kaɗai yake jin nauyi a duniyar nan. Ki kira shi ki yi masa faɗa irin naki na da.

Yaran suna gaishe ki. Babban yana nan da aikinsa, Auta kuma ta dawo hutu, ta cika min gida da surutu.

Taki,
Amaryar da ta tsufa ba ku sauya mata suna ba.

*

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ba ki ce min komai game da ƙafar ba, na ɗauka da sauƙi ke nan.

Na gode da kiran da kika yi masa, duk da ina zaune a wurin na ji komai. Cewa kika yi ya daure ya riƙa kurɓa ko Amarya ta bar ku ku huta. Wannan ba faɗa ba ne, haɗin baki ne. Ya yi ta cewa to Yaya, to Yaya, yana ajiye wayar ya tambaye ni ina makullin mota.

Da na ga haka sai na ce gani ya kori ji. Ranar Talata na rufe shago, ga kayan 'yan makaranta jibge ana jira, na tafi wurin aikin nasa. Tun da muka yi aure ban taɓa wuce bakin ƙofar ginin ba. Wani dogon lungu ne mai sanyi, firji-firji manya a jere suna gurnani. A ƙarshensa an ja jan layi a ƙasa, gefe kuma ga kanta cike da gorunan ruwa da kulolin abinci. Tawa na nan a tsakiya cikin rigarta, a cike.

Mataimakiyarsa ce ta tare ni, wata mata mai kirki, ta ce dokar wurin ba a ci ba a sha bayan layin nan. Ta nuna min shi ta gilashi. Yana zaune cikin farar riga da safar hannu, bokitin ƙanƙara a gabansa, yana ɗiga wani abu cikin 'yan kwalabe da ba su kai ɗan yatsa ba. Ta ce gutsattsarin ƙodar raƙuma ne, wasu na waɗanda suka sha ƙishirwa, wasu na waɗanda suka ƙoshi da ruwa. Abin da yake cirowa a ciki shi ke nuna wace ƙwayar gado ce ke farkawa in ƙishi ya zo, wace ce ke yin barci. Abin kuwa saurin lalacewa gare shi kamar ɗanyar madara, in an fito da shi daga firji ba tashi sai an gama. Wanda zai fita kuma sai ya tuɓe riga da safa, ya wanke hannu, ya dawo ya sake sabon shiri.

Na tambaye ta su sauran yaya suke yi. Ta ce suna karɓar juna, kowa ya fita ya sha ruwa ya zaga. Shi kaɗai ne ba ya yarda wani ya taɓa masa aiki. Saboda haka tun safe yake ƙin shan komai, da gangan, don kada fitsari ya tashe shi. Ta ƙara da cewa ɗalibai Amale suke ce masa, wato ƙaton raƙumi, kuma tana faɗa tana murmushi kamar lambar yabo aka ba shi. Yaya, da ba don ina jin kunyar baiwar Allah ba, da na tsallaka layin nan na fito da shi da kunne.

Na tsaya na ɗaga gorar ta gilashi. Ya ɗago ya gan ni, ya ɗaga min hannu wai yanzun nan. Yanzun nan ɗin sai da ƙafafuna suka yi tsami. Da ya fito leɓensa duk ya bushe ya tsattsage. Ya kurɓi ruwan kamar magani mai ɗaci, ya ja ni ofis ya nuna min wani hoto a kwamfuta mai ɗige-ɗige ja da shuɗi. Wai shuɗɗan su ne ƙwayoyin da ke sarrafa wani irin kitse a ƙoda, in ƙishi ya zo sai su lafa, lafawarsu kuma tana taimaka wa ƙananan ƙofofin da ruwa ke bi ya koma jiki. Idonsa har ƙyalli yake. Abin haushin shi ne wannan ƙyallin ne ya sa na aure shi, kuma har yau yana aiki a kaina.

Amma da na ce tunda ga mu tare mu biya asibiti a ɗauki hoton, sai ƙyallin ya ɗauke ɗif. Ya ce sai an gama wannan zagayen aikin. Na san fuskar taurin kansa, na zauna da ita shekara ashirin da ɗoriya. Wannan ba ita ba ce, wata ce daban, kuma ba ta kwanta min ba.

Yaya, wai mene ne ainihin ciwon da ya yi ajalin Baba? Ni ban riske shi ba, kuma duk sanda na tambayi ƙaninki sai ya ce kwana ne ya ƙare. Ki ba ni amsa don Allah.

Ki gaida mutanen gidan duka.

Taki,
Amarya.

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki gafarce ni in gaisuwar ta yi gajarta, a kan bencin asibiti nake rubutun, takardar a kan cinyata. Kada hankalinki ya tashi, yana raye, yana ma da bakin gardama.

Shekaranjiya da rana ina tsakiyar yanka yadi mataimakiyarsa ta kira ni. Ciwon kwiɓin ne ya kayar da shi daga kan kujera, ga jini a fitsari. Ta ce har ana tura shi a gadon marasa lafiya yana ba da umarni a mayar da 'yan kwalaben firji. Na bar almakashi a buɗe na fito, ko shagon maƙwabciyata ce ta rufe min.

Hoton da ya yi ta gudu dai an ɗauka, tunda wanda ke kwance ba ya cewa gobe. Akwai tsakuwa, ita ce ta kayar da shi, sun ce za ta fita. Amma ba ita ce babbar maganar ba. Ƙodojin duka biyu sun kumbura, sun cika da wasu ƙullutai masu ruwa a ciki. Likita ya zauna ya fara lallaɓa magana, yana tambaya ko a dangi an taɓa samun mai ciwon ƙoda. Bai rufe baki ba ƙaninki ya karɓe. Ya faɗi sunan ciwon, ya faɗi sunan ƙwayar gadon da ke kawo shi, ya ce mahaifinsa da shi ya rasu, ya ce duk wanda ke da shi kowane ɗa nasa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Yana faɗa a natse kamar yana gaban ɗalibai. Likitan ya kalle ni, ni kuma na kalli bango.

Ashe ya sani, Yaya. Tun yana ɗalibi ya gano abin da ya kashe Baba. Mutumin da ya bi gadon raƙuma garke-garke, ya san abin da kakan raƙumi ya bar wa jikansa, bai taɓa yarda an leƙa nasa cikin ba. An ce wanzami ba ya son jarfa, ban san abin ya kai haka ba.

Da likita ya fita na tambaye shi dalili. Ban ɗaga murya ba, don akwai wani dattijo a gadon kusa. Ƙaninki ya daɗe yana kallon robar ƙarin ruwan da aka rataya masa, sannan ya ce:

"Muddin ban duba ba, ni rabi ne, yaran kuma kowanne kashi ɗaya cikin huɗu. Ran da aka duba aka gani, nasu ya koma rabi. Ban so ya zama ni na ƙara musu ba."

Kin ji lissafin masu ilimi. Na ce masa abin da ke ciki yana ciki tun ran da aka haife su, rufe idonsa bai rage musu komai ba, sai dai ya cinye mana shekarun da ya kamata a ce ana lura. Na ce likita ya faɗa yanzu a gabansa cewa rage gishiri da kula da hawan jini da shan ruwa suna cikin abin da ke sassauta tafiyar ciwon, kuma na tabbata ya riga likitan sani. Bai musa ba. Ya ce duk ran da ya wuni bai sha ba kuma bai faɗi ba, sai ya ce wa kansa ai mai ciwon ƙoda ba zai iya haka ba. Wato shekara da shekaru gwaji yake yi a kan mijina. Na fita baranda na yi kukana, rabi tausayi rabi takaici, na wanke fuska na dawo.

Yanzu saura ke. A wasiƙata ta baya na yi miki tambaya ɗaya tak, kika aiko min da gaisuwa da addu'a, kika tsallake ta kamar ba ki gani ba. Ke kika yi jinyar Baba. Ke kika ga yadda ƙafafunsa suka yi. Ban ce kin san sunan ciwon ba, amma kin san akwai abin da ba ku so a ambata a gidanku, kuka bar ni ina ta haushi a kan gorar ruwa. Ina jin haushinki, kuma gara in faɗa miki da in riƙe.

Na gaya wa yaran komai jiya. Sun ce za su je a duba su, ba wanda ya tilasta musu. Ki sa mu a addu'a, wannan karon ina so.

Taki duk da haka,
Amarya.

*

Yayata,

Ina miƙo gaisuwa ta girmamawa, da fatan kin tashi lafiya, ke da maigidan. Saƙonki ya iso, na kuma karanta inda kika ce ba ɓoye min kika yi ba, ke ma tsoron tunawa kike. Na yarda, ya wuce. In na yi miki rashin kunya a waccan takardar ki yafe, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

An sallame mu. Tsakuwar ta fita. Likita ya ce ƙodojin sun yi rauni amma suna aiki, ba a kai ga wankin ƙoda ba, kuma in ya bi doka ana iya jan lokaci mai tsawo. A wurin aiki ma an yi gyara. Mataimakiyarsa yanzu tana karɓarsa, ya fito bayan jan layi ya sha ya zaga kamar kowane ɗan Adam. Ya dawo yana min ƙorafi wai hannunta ya fi nasa nauyi wajen ɗigawa. Na ce Allah ya ƙara masa nauyi.

An duba yaran, mu huɗu muka je. Babban ba a ga komai ba, sai dai an ce ya sake zuwa nan gaba don a tabbatar. Da aka zo kan Auta ta ce babanta ya shigo tare da ni. Ma'aikaciyar tana goga na'urar a kwiɓinta, ni ba abin da nake gani a allon sai toka-toka. Shi na kalla. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana karanta hotuna, kafin matar ta buɗe baki na riga na ji sakamakon a fuskarsa. Ƙullutan ƙanana ne, an ce, kuma an gano da wuri, ƙodarta lafiya lau take aiki. Amma suna nan.

Da muka iso gida ya wuce kicin da kansa, mutumin da bai san inda ake ajiye cokali ba, ya yi ta buɗe-buɗe har ya samo kofi biyu. Ya cika su, ya ajiye ɗaya a gaban Auta, ya zauna. Ya ce mata raƙumi ya bar wa 'ya'yansa abin da zai raya su, shi kuwa ga abin da ya bar mata, ta yafe masa.

Kin san 'yar taki da baki. Ta share ido ta ce, "Baba, wannan ƙaton hancin ma ai kai ka ba ni, ka ga na kai ƙara? Sha mu gani."

Ya shanye tas. Ita ma ta shanye. Ni kuwa da na yi wata da watanni ina bin sa da gora, yarinya ta faɗa sau ɗaya an sha, sai na rasa dariya zan yi ko kuka, na yi duka biyun.

Kada ki ɗauka na huta. Yanzu shi ne sarkin wa'azin ruwa, yana bin ta ɗaki-ɗaki da kofi, ita kuma ta fara yi masa kunnen uwar shegu irin wanda ya yi min, har da cewa yanzun nan. Jiya na tarar da gorarta a cike a bayan ƙofa. Ashe taurin kan ma a cikin rubutun jinin nan yake, kuma shi ba rabi da rabi ake rabonsa ba. Da raƙumi ɗaya nake kiwo, yanzu sun zama biyu.

Yaya, wasiƙa huɗu ke nan ina zagaya maganar ƙafarki, kina ce min tsayuwa ce. Uba ɗaya ya haife ku. Ba sai na yi miki lissafin ba, ƙaninki ya riga ya yi mana shi a gadon asibiti, kuma kina da 'ya'ya da jikoki da ke bayanki. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Na san za ki ce ke ba ki da gemu, to ruwan dai za ki sha. Na yi magana da likitan, ya ce ki zo duk ranar da kika shirya, hoton ba ya ciwo. Babban zai zo ya ɗauko ki ƙarshen mako, na kuma gaya masa kada ya dawo min da gaisuwa da addu'a, ke nake so ya kawo.

Ƙaninki ya ce in gaya miki zai shiga ɗakin tare da ke in kina so, ya riƙe miki hannu kamar yadda kika riƙe nasa ran da aka fita da Baba. Na gyara miki ɗakin baƙi. Ragowar yadin nan ya isa riga ɗaya, na riga na ɗinka wa gora ta uku.

Sai kin iso.

Taki har kullum,
Amarya, mai kiwon raƙuman gidanku.